Sa Hannun Uban Ƙwaƙwalwa

A duk kwalejin fasahar nan babu wanda ya kai Shugaban Sashen Lantarki son talaka. Shi da bakinsa yake faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Dogon mutum ne mai ƙaramin tumbi da babban tabarau. Alƙalami uku yake jerawa a aljihun gaba, ko da yake ɗaya ne kawai ke rubutu. In yana tafiya a barandar sashe, hannu a baya, sai ka ce ginin ne ya zo dubawa kafin ya saya.

Girman nasa kuwa ba haka kawai ya faɗo ba, da guminsa ya same shi. Wasu injiniyoyi ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗa kai suka zana ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ake samu cikin waya da mota da firji. Maimakon su ɓoye zanen kamar yadda manyan kamfanoni ke yi, sai suka zuba shi a intanet kyauta: kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ƙara, ya ƙera abinsa. Shugaba ya buɗe littafin bayanin zanen wata rana da hantsi. Shafi ɗari huɗu ne, bai fahimci ko biyar ba. Amma a shafi na uku idonsa mai kaifi ya hango wani waƙafi da aka manta. Ya saka shi, ya aika. Bayan kwana biyu aka ce an gode, aka rubuta shi cikin jerin masu ba da gudummawa, na dubu huɗu da wani abu.

Tun daga ranar ya daina gaisawa da hannu biyu. Ya buga sabon kati mai ruwan zinariya. Da aka tambaye shi a ɗakin malamai me ya yi wa zanen, sai ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce, "Akwai wani giɓi da duk suka kasa gani. Ni na cike shi. Ba na son yawan magana a kai." Ya yi sati uku yana maganar. Malamai suka laƙaba masa Uban Ƙwaƙwalwa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don bai ji dariyar da ke bin sunan a baya ba.

Jawabinsa ɗaya ne, amma ya iya shi. "Zamanin ƙulle ilimi ya wuce!" in ji shi, yana dukan tebur. "Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zama ta kowa da kowa. Mai gyaran rediyo, mai ɗinki, mai faci, kowa zai ƙera tasa. Ni na buɗe muku ƙofa!" Daga nan sai ya koma ofis ya tabbatar kwaɗo biyun da ke ƙofar ɗakin gwaji suna nan a garƙame. Mai son shiga sai ya cika takarda, ya kawo wa Shugaba ya sa hannu. Sa hannun nan kuwa abin kallo ne. Yakan fara da wani lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, ya haura, ya gangaro, ya ƙare da doguwar jela da ke ratsa takarda daga wannan gefe zuwa wancan. Yana gamawa sai ya ɗan ja baya ya kalle shi, kamar uba ya ga ɗansa cikin sabuwar riga.

Mutum ɗaya ce duk duniya ba ta san Uban Ƙwaƙwalwa ba, yayarsa. Nas ce a wani ƙaramin asibiti a bakin gari, ita ta goya shi, kuma har yau Auta take ce masa, ko a gaban wa. Wata Litinin ta shigo ofishinsa ba tare da ƙwanƙwasawa ba, ta zauna, ta ajiye jaka a kan takardunsa. Ta ce firjin allurar rigakafinsu ya ɗumame ranar hutu babu wanda ya sani. Sun zubar da allurai kwali biyu, sun mai da iyaye mata sama da talatin gida da jariransu. Wannan karo na uku ke nan.

"Auta, kai da kake cewa kana ƙera ƙwaƙwalwa, ba za ka ƙera mana wadda za ta riƙa lura da firjin nan ba? In ya fara zafi ta juya shi kan batir, ta yi ƙara?"

Shugaba ya yi murmushin masu ilimi. "Yaya, ni a matakin duniya nake aiki. Firji ai ƙaramin abu ne."

Wata malama da ke koyar da ajin yamma ta shigo karɓar makulli, ta ji komai. Ajin nata na manya ne, masu gyaran rediyo da talabijin da injin wuta, waɗanda ke rufe shago da la'asar su zo da hannu baƙi ƙirin. Ta bi Yaya har bakin ƙofa, ta ce za su gwada. Shekara guda suka yi a kai. Sun ɗauko buɗaɗɗen zanen, suka rage abin da ba sa bukata, suka ƙara sashen auna zafi. Wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya yi shekara talatin da ƙarfen soda na liƙa wayoyi a hannu, ya koyi riƙe linzamin kwamfuta yana tsaki yana dariya. Duk wannan shekarar Shugaba bai leƙa su ba sai in zai tuna musu su kashe fitila.

Sai labari ya zo cewa wata masana'anta a ƙasar waje tana karɓar ƙananan zane daga makarantu, ta haɗa su ta ƙera kyauta, sau ɗaya a shekara. An karɓi na Malama. Labarin na shiga kunnen Shugaba, son talaka ya motsa masa. Ya sauko ɗakin gwaji da kansa, ya tsaya bayan Malama yana kallon allon kwamfuta. Zanen ya yi kama da taswirar gari daga sama, layuka ja da shuɗi da kore suna ratsa juna.

"Aikinmu ya yi kyau," in ji shi. "Saura sa hannu."

Malama ta ce ai takardar tana kan teburinsa.

"Ba takarda nake nufi ba. A jikin ƙwaƙwalwar. Na karanta cewa manyan injiniyoyi kan zana alamarsu a ciki."

"Ranka ya daɗe, sukan yi, amma a inda babu komai. Namu ya cika maƙil. Waɗannan layuka biyu masu kauri su ke kai wuta, in wani abu ya haɗa su, shi ke nan."

Shugaba ya gyaɗa kai kamar ya yarda. A ransa kuwa ya gama gane komai: hassada ce. Ta ga darajar da zai ƙara wa aikin, tana tsoron a manta da ita.

Ranar ƙarshe ta aikawa Malama ta gama duba komai tun da safe. Lambar sirrin aikawa tana hannun Shugaba, don shi ne mai buɗe ƙofa. Wajen ƙarfe ɗaya aka kira ta daga makarantar 'yarta, yarinya ta faɗi ta fasa goshi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, dannawa kawai za ka yi." Ta fita da gudu.

Shugaba ya rufe ƙofa, ya naɗe hannun riga. Minti arba'in ya yi yana fama kafin ya gano yadda ake liƙa hoto a kan zanen. Ya ɗora sa hannunsa a tsakiya, ya ga ya yi ƙarami, ya ja shi har jelar ta taɓa gefe da gefe. Kwamfuta ta fito da jan gargaɗi. Ya rufe. Ta sake fitowa da wani, ya sake rufewa. Na uku ya tambaye shi ko ya tabbata. Shugaba ya yi dariya, don tun da yake bai taɓa rashin tabbata ba. Ya danna, ya tafi cin abinci.

Wata bakwai ana jira. Ranar da kwalin ya iso, ya sa aka share babban ɗakin taro, aka jera kujeru, aka gayyato shugaban kwaleji da 'yan jarida biyu. An turo wani tsohon firji kan dandamali, an ɗaura masa jan kyalle. Yaya ta zo da farar rigarta ta aiki, da wasu nas guda biyu. 'Yan ajin yamma sun yi wanka sun zauna a layin baya, domin na gaba na manyan baƙi ne. Shugaba ya yi jawabin minti hamsin. Ya ambaci talaka sau goma sha ɗaya, Malama sau ɗaya, a cikin "da sauran ma'aikatana".

Malama ta dasa ƙwaƙwalwar a allon wayoyin da ta haɗa da firjin, ta kunna. Koriyar fitilar da ake jira ba ta kama ba. Wani siririn hayaƙi ne ya tashi, da warin ƙonannen roba. Ta saka ta biyu, hayaƙi. Ta uku, hayaƙi. Dattijon mai gyaran rediyo ya taso daga baya ba wanda ya kira shi, ya ɗora mitarsa ta auna wuta a kan wata sabuwa, ya duba, ya ce, "Malama, layukan wutar nan biyu a haɗe suke. Tun daga ciki."

Akwai wasu 'yan ƙwaya da masana'anta ta aiko ba murfi. Malama ta saka ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma, wanda Shugaba da kansa ya sa aka haɗa da babban allon bango don baƙi su ga abin mamaki. Suka kuwa gani. Ga wuyan agwagwa nan yana ƙyalli, ga hawa, ga gangara, ga doguwar jela kwance a kan layukan wuta biyu kamar an gicciya sanda a kan titi. Babu wanda ya taɓa neman makulli a sashen nan da bai gane ta ba.

Wani ɗan jarida ya ɗaga kyamara.

"Wannan," in ji Shugaba, yana gyara tabarau, "zagon ƙasa ne. Za mu kafa kwamiti."

Ba a kai ga kwamiti ba. Zanen a buɗe yake, kuma kowane canji da aka yi masa yana rubuce da mai yi da lokacin yi. Malama ta buɗe shafin. Canji na ƙarshe, ƙarfe ɗaya da minti arba'in na rana, daga ofishin Shugaba. Ta tattara allonta ta fita. A baranda ta jingina da bango ta yi kuka, 'yan ajinta suna tsaye kewaye da ita, manyan maza, sun rasa inda za su sa hannuwansu. Yaya ba ta ko kalli ƙanenta ba. Ta ce wa abokan aikinta su tashi, akwai masu jira a asibiti.

Da wani ne, da ya ɓuya har abada. Shugaba ya yi kwana huɗu yana ciwon kai, a na biyar ya fito da sabon bayani: duk manyan masu ƙirƙira sai da suka ƙona wani abu. Malama ta daina neman makulli, ta mai da ajinta shagon dattijon, tana shirin jiran wata shekara. A asibiti kuwa nas-nas suka raba ranakun hutu, kowace tana zuwa ta taɓa firji da tafin hannu.

Bayan wata biyar wani kwali ya iso daga wata kwaleji a wata ƙasa, da sunan Malama a kai. Duk wasiƙar sashe ta ofishin Shugaba take bi, don haka shi ya buɗe. Ƙwaƙwalwa ashirin ne a jere cikin soso, da takarda. Ya karanta layin farko kawai: sun ɗauki zanen daga intanet, sun ƙera, yana aiki a asibitoci shida. Nan take ya aika a tara malamai, a kira Malama, a kira Yaya ta zo ta ga abin da ƙanenta ya jawo.

Ya tsaya a gaban ɗakin malamai ya karanta da murya mai amo. Sun gode wa Malama da ɗalibanta. Sun ce zane ne mai tsafta, abu ɗaya kawai suka goge. Ya yi sauri ya wuce wannan. "Haka kuma muna miƙa gaisuwa ga shugaban sashenku, wanda muka buga hoton sa hannunsa babba muka rataye a ɗakin gwajinmu." Ya ɗago, fuska na sheƙi. "Kun ji? A ƙasar waje!" Ya koma kan takarda. "Duk sabon ɗalibi sai mun tsayar da shi a gabansa ranar farko, kafin ya taɓa kwamfuta, domin..."

Nan ya tsaya. Ya fara naɗe takardar. Yaya ta miƙo hannu, irin miƙowar da ta saba yi tun yana ɓoye abu a bayansa, ya ba ta. Ta saka tabaraunta ta ƙarasa: "...domin ya ga yadda mutum ɗaya ke ƙona aikin mutum ashirin. Tun da muka rataye shi, ba wanda ya sake rufe jan gargaɗi."

Ta ninke takardar ta miƙa wa Malama, ta ɗauki kwalin ta rungume a ƙirji. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Barka dai, Auta. Shekara ashirin kana shiga aji, yau ga shi wani ya koyi abu a wurinka."