Ƙusa Ɗaya Da Ta Kama

"Silin? Ai ni ko ido rufe sai in ɗora shi," in ji Na-Iya, yana dukan ƙirji a ƙofar gidan surukarsa.

Ka san irin mutanen nan da ba a taɓa ambaton wani aiki sun ce ba su iya ba? To shugabansu ke nan. Ya taɓa gyara fankar maƙwabci, tun daga ranar take juyawa baya-baya. Ya gyara famfon gidansa, sai da iyalinsa suka kwashe tabarmi. Amma bakin nan, tubarkalla, ko injin niƙa albarka.

Surukar tasa ta gina shago a jikin gidanta, saura silin. Wani tela ya daɗe yana zarya a ba shi haya. Na-Iya kuwa ya ƙwallafa rai, don ya gaji da zaman benci. Tsohuwa ta ce to, in ya ɗora katakan silin suka zauna daram, shago nasa ne, in ba haka ba ta miƙa wa tela makulli.

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai katakon da ke kwance a kan bango, sai a gitta wasu a kansa daga wannan bango zuwa wancan, a kafe da ƙusa. Gogan naka ya auna da taku, wai tef na masu koyo ne. Ya sa zarto ya yanke su duka, sai ga shi sun gaza, da ƙyar bakinsu ke taɓa katakon bango. Matarsa ta yi magana, ya ce mata katako yana miƙewa in ya sha zafi.

Sai batun ƙusa. Ya sayo 'yan gajeru, ya riƙa narka su ta sama, alhali ko kaurin katakon ba su ratsa ba, balle su kai na ƙasa. Kawunansu dai na ta ƙyalli a jere, shi kuma yana ta yaba wa kansa. Da ya zo kan katakon ƙarshe suka ƙare, ya lalubo wata doguwa guda a aljihu. Yana zaune a kan bango da ƙaton wandonsa mai faɗi kamar buhu, ya ɗora katako, ya buga ta har wuya. Ko kaɗan bai lura gefen wandon yana ƙarƙashin katakon ba.

Daga can sama ya sa aka kira surukar. Ta zo, maƙwabta suka biyo, tela ma ya leƙo. Na-Iya ya gyara murya.

"Inna, wannan aikin ko giwa ta hau sai dai ta gaji ta sauka. Bari ki gani."

Ya yunƙura ya ɗora ƙafa a kan katakon kusa. Katako ya zame. Ya cafki na gaba, shi ma ya biyo shi, sauran suka dinga zubowa kamar an kira su. Sarkin gwaninta ya yi lilo kai ƙasa na ɗan lokaci, zariya ta tsinke, ya sulluɓo tim a kan tarin yashi, daga shi sai 'yar riga da wani gajeren wando mai huji. Babban wandon na can sama yana kaɗawa kamar tuta.

Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Na-Iya ya takure yana jan riga ƙasa, yana cewa ai laifin katako ne, ɗanye aka sayar masa.

Tsohuwa ba ta ko dube shi ba. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon wandon.

"A'a, ɗan nan, kada a rage maka. Ƙusa ɗaya dai ta kama."

Ta kwance makulli daga bakin zane ta miƙa wa tela.

"Ungo. Ka fara da surukina, ka ga halin da yake ciki. Amma ka auna shi da tef."