Salmanu Ya Kawo VAR Filin Burtali

"Wallahi a ba ni usur na minti casa'in, sai alƙalan Turai sun zo Birnin Gwari ɗaukar darasi!"

Salmanu ke nan, tsaye a kan bencin gaba na gidan kallon Alhaji Nu'uman, yana nuna talabijin da yatsa. Mai karatu, in ba ka san Salmanu ba, ka huta. Tela ne, amma rabon da ya gama wa mutum riga a ranar da ya yi alkawari tun kafin a sa kwalta a layinsu. Aikinsa na gaskiya shi ne gyara wa alƙalan wasa kuskure daga nesa. In aka ba da fenariti, sata ce. In aka hana, cin hanci ne. Koci ya canza ɗan wasa, jaki ne; ya ƙi canzawa, babban jaki ne. Shi kuwa bai taɓa buga ko lemun tsami da ƙafa ba. 'Yan gidan kallo suna ce masa Alƙalin Alƙalai, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Shafi'u mai gyaran babur, wanda ya shekara uku yana shan ihun Salmanu a kunnen hagu, ya ce, "To ga dama ta samu. Ranar Asabar akwai wasan ƙarshe tsakanin Taurarin Tsohon Gari da Zakunan Dogon Dawa, rago guda aka sa. Alƙalinmu ya yi targaɗe. Za ka hura?"

"Zan hura? Tambaya kake yi?"

"In ka yi kuskure fa?"

Salmanu ya daki ƙirji har sai da ya yi tari. "Alhaji, kai ne shaida. In aka kama ni da kuskure ɗaya tak, bakin nan nawa ba zai ƙara furta ko kalma a gidan nan ba har kakar wasa ta ƙare!"

Wata bakwai ba muryar Salmanu! Wani dattijo a baya ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah ka nuna mana."

Kwana uku Salmanu bai taɓa ɗinkin kowa ba. Ya ɗinka wa kansa baƙar riga da gajeren wando mai aljihu huɗu, ya yanko jan kati da rawaya daga kwalin sabulu. Sannan ya sanar da babban shirinsa: zai kawo VAR, wato na'urar sake duba wasa a hoto. Wayarsa zai ɗaure a reshen mangwaron da ke bayan raga, ta ɗauki komai, duk wanda ya yi gardama a nuna masa ƙaryarsa a gaban jama'a.

Yanzu bari in gaya maka abin da kowane yaro a Tsohon Birnin Gwari ya sani. Filin ƙwallon garin a kan burtali yake. Kullum bayan la'asar sakaliya, shanun Bappa Bakoji suna ratsa tsakiyarsa za su rafi. In sun doso, alƙali ya tsai da wasa, 'yan wasa su sha ruwa, shanu su wuce, a ci gaba. Shekara ashirin ana haka, ba a taɓa jin kan kowa ba.

Kafin a take wasa Bappa Bakoji ya zo da sandarsa a kafaɗa. "Ɗana, an ce kai ne sabon mai usur. In ka hango ƙahonni daga wajen ɗorawar can, ka dakata mana kaɗan."

Salmanu ya dube shi sama da ƙasa. "Bappa, na karanta dokokin ƙwallo daga farko har ƙarshe, ban ga inda aka ambaci saniya ba. A Turai ana tsai da wasa saboda shanu?"

"Ban je Turai ba," in ji Bappa, "amma nawa a nan suke bi."

"Yau sai su zagaya."

Bappa ya yi murmushi ya ce zai gaya musu.

Aka fara. Minti goma na farko Salmanu ya hura usur sau goma sha tara. Ya ba mai tsaron ragar Dogon Dawa katin gargaɗi saboda ya harare shi. Ya tsai da wasa ya yi wa kocin Tsohon Gari bayanin yadda ake tsara 'yan baya, har mutumin ya ce, "Malam, hura za ka yi ko koyarwa?" Kafin a tafi hutu numfashinsa ya fara fita da ƙara, rigar ta manne masa a tumbi, domin ashe filin gaske ya fi na talabijin faɗi. 'Yan Dogon Dawa kuwa sai duban rana suke yi, so suke a gama su kama hanya da sauran haske.

Saura minti biyar, ba wanda ya ci. Sai ga ƙahonni daga wajen ɗorawa.

"Alƙali, shanu!" 'yan kallo suka ɗauka baki ɗaya.

"A ci gaba!" in ji Salmanu, yana kaɗa hannu irin na talabijin.

'Yan wasan da suka san kan abin suka ja gefe. Waɗanda ke tsoron jan kati suka ci gaba da bugawa a tsakanin ƙafafun shanu. Salmanu ya tsaya a gaban ragar Tsohon Gari, ya zaro jan kati ya ɗaga wa garken gaba ɗaya. Ana cikin haka ya ji wani abu mai ɗumi, mai kaushi, ya shafi ƙeyarsa.

Abin da ya biyo baya, shi kansa bai gani ba. Ya dai ji ihu, ya ji usur na ta ƙara, ya farga ya ga kansa kwance rubda ciki da ciyawa a baki, ƙwallo kuma tana cikin ragar Tsohon Gari.

Fili ya rikice. 'Yan Dogon Dawa suna tsalle suna neman igiyar rago. 'Yan Tsohon Gari suna rantsuwa babu ɗan wasan da ya taɓa ƙwallon. Salmanu ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ɗaga murya.

"Kowa ya natsu! Wani ƙaton bijimi ne ya kawo mini hari, ƙahonsa kamar tabarya. Na tsaya ƙyam ina fuskantarsa, sai wani ɗan wasa ya kwashe ni ta baya. Yanzu za mu ga ko wane ne, kuma sai ya bar filin nan!"

Ya zana akwati a iska da yatsu biyu, alamar za a duba VAR, ya taka zuwa gindin mangwaro yana buɗa kafaɗa. Alhaji Nu'uman ya matso ya rage murya. "Salmanu, ka fara dubawa kai kaɗai mana."

"A'a, Alhaji. Ɓoye-ɓoyen nan shi ya lalata alƙalan Turai. Kowa ya zo ya gani!"

Kowa kuwa ya zo. Shafi'u ya kwanto wayar daga reshe ya ɗaga sama, ya ƙure mata murya.

Ga Salmanu nan a hoto, ya ɗaga jan kati. Ga wata 'yar maraƙa, ko ƙaho ba ta fitar ba, ta taho a hankali ta bayansa, ta miƙa harshe ta lashi gumin wuyansa. Ga Alƙalin Alƙalai ya yi sama, ya jefar da kati, ya zunduma ihu, "Wayyo Inna!" Ya zuba a guje usur na kuka a bakinsa, ya yi karo da ƙwallo, ya sheƙa mata wani irin bugu da ko a talabijin sai an maimaita shi, ta shige can saman kusurwa, shi kuma ya bi ta da ciki. A bayansa babu ɗan wasa ko ɗaya, sai maraƙar tana tsaye tana tauna jan katin.

"A mayar baya!" in ji jama'a. Aka mayar. Sau shida aka mayar. Mai tsaron ragar Tsohon Gari ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya manta shi aka ci.

Bappa Bakoji ya leƙa wayar ya gyaɗa kai. "Gishiri take so, ba ta da faɗa. Amma ɗana, ka iya ƙwallo."

Kyaftin biyu suka shirya a tsakaninsu: ƙwallon alƙali ba ƙwallo ba ce, a raba ragon biyu. Alhaji Nu'uman ya dafa kafaɗar Salmanu. "Kuskure ɗaya ka ce. Ni na daina ƙirgawa a na huɗu. Wata bakwai ke nan."

Ranar Lahadi Salmanu ya zo gidan kallo, don zama a gida ya fi ƙarfinsa. Ya zauna a bencin gaba, baki a rufe. Kamar da gayya, alƙalin da ke talabijin ya hana wata fenariti da ko makaho zai ba da. Gida ya juyo gaba ɗaya yana kallon Salmanu. Kumatunsa suka kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye ya taru masa a ido. Maganar ta zo har leɓe, ya haɗiye ta da ƙyar. Da abin ya ci tura, sai ya miƙe tsaye ya zana akwati a iska da yatsu biyu.

Shafi'u ya yi tsalle. "Alhaji, alƙali ya nemi VAR!"

Alhaji Nu'uman ya danna rimot, ashe tuni Shafi'u ya kwafa masa hoton da wayar ta ɗauka. Wasan Turai ya ɓace, sai ga 'yar maraƙa a babban allo tana miƙa harshe, lasifika ta cika unguwa da "Wayyo Inna!"

Kalmomi biyun nan su ne kaɗai aka ji daga bakin Salmanu a gidan kallo har kakar wasa ta ƙare, amma an ji su kowane mako.