Kwalbar da Ke Jiran Almakashi

Jiya na yini a asibiti da jariri ɗaure a ƙirjina, ni da furfurata. Ku bari in gaya muku dalili.

Autata ce ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi, tafin hannuna ya kusa rufe shi. Likita ta ce abin gudu ɗaya ne, kada jikinsa ya yi sanyi. Sai na nuna mata kwalbar jarirai sabuwa fil a kusurwar ɗakin, lulluɓe da leda, an ɗaura mata jan ƙyalle.

"Baba, wannan ba a taɓa ta," in ji ta. "Sai Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamitin Inganta Inganci ya zo ya yanka ƙyalle."

"Yaushe zai zo?"

"Yana hanya."

Mai shara ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Tun uwar yaron nan tana laulayi yake hanya."

Likitar na cikin masu binciken kula da bakwaini. Ta ce sun gano idan aka kwantar da jariri a ƙirjin babba, fata da fata, aka ɗaure da zane, ɗumin kan riƙe shi. To, uwar an yi mata aiki, ba ta iya daɗewa a zaune. Uban direba ne, yana can nesa. Matata kuma tari take.

"Sai kai, Malam," in ji matata. "Shekara da shekaru kana zaune kamar turmi kana sauraron mutane. Yau zaman naka ya yi rana."

Haka aka tuɓe mini riga.

Da la'asar sai ga jiniya. Ranka-ya-daɗe ya iso da tawaga, ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan jariran gobe, na yau kuwa yana barci a ƙirjina. Ya yanka ƙyalle, aka tafa. Da ya hango ni ya ce wannan ma yana cikin nasarorin kwamiti, aka ɗauke mu hoto.

Na fara laluben bakin zane in kwance, sai ga wasu ƙarti sun ciccibi kwalbar sun nufi ƙofa.

"Samari, ina zuwa?"

"Asibiti na gaba, Baba. Su ma gobe za a buɗe musu ita."

Allah ya saka wa manya. Da kwalba ɗaya za su wadata ƙasa kaf, ƙyalle kawai za a riƙa sauyawa.

Yau da safe an duba jikana, jikinsa da ɗumi, har ya fara kama nono. Da hannu ɗaya nake wannan rubutu. Roƙona gare ku, idan kun haɗu da Ranka-ya-daɗe kada ku gaya masa ina aikin kwalba. Na leƙa motar da ta ɗauke kwalbar, akwai sauran wuri a bayanta.