Damun Fura da Batirin Kamiyo

Azumin shekarar da na fara tuƙin kamiyo tsakanin Konni da Malbaza, na ƙudura hutar da matata daga damun fura. Na ciro ɗan injin fankar wata tsohuwar mota, na ɗaura mishi maburgin dama fura. Injin mai cin wutar bolt sha biyu ne, batiran kamiyona kuwa ashirin da huɗu.

Maƙwabcina Illa makanike ya ce, "Gawayin cikinshi zai ƙone fa."

Na ce, "Wuta biyu, aiki biyu. Kai dai kawo ludayinka."

Har surukina na gayyato shan ruwa. Dab da magariba munka zagaye ƙwarya, na haɗa waya ina hura hanci. Injin ya kurma ihu, fura ta tashi sama, hayaƙi ya biyo baya. Daidai nan ladan ya kira salla.

Surukin nawa, Allah ya jiƙanshi, ya shafo gemunshi da ke ɗigar nono, ya lashi yatsa, ya ce, "Ta damu kam, sukari ne babu."

Har yau in hadari ya haɗo, sai Illa ya leƙo ta katanga: "Injiniya, bokiti za mu tara ko ludayi?"