Tutar da Ta Tsayar da Amarya Cikin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar dinar auren ƙanwata Rukayya ba, kuma ko da Allah Ya yi mini rahama na manta, akwai bidiyo, akwai kuma dangi, waɗanda suka fi bidiyo iya ajiya.

Ya wajaba in fara da bayanin kaina, domin ni mutum ne da ba ya iya barin magana ta wuce ba tare da bayani ba (wannan hali, kamar yadda za ku gani, shi ya kai ni inda ya kai ni). Na gama digiri a fannin kwamfuta, na yi bautar ƙasa, na dawo gidanmu a unguwar Ali Kazaure da ke Jos ina jiran aiki. Shi kuwa aikin, ga dukkan alamu, ba a sanar da shi cewa ina jiransa ba. A gida ana kirana Injiniya. Na sha yi musu bayani cewa takardata ba ta ba ni wannan laƙabi ba, amma kullum sai Umma ta ce, "To, mun ji, Injiniya."

Don kada kwanya ta yi tsatsa, sai na shiga sahun masu aikin sa kai a wata babbar manhaja ta kyauta, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, wadda kowa a duniya yake da damar leƙa cikinta ya kawo gyara. Mai tawali'u zai fara ne da gyaran kurakuran rubutu. Ni kuwa kai tsaye na nufi kanel, wato zuciyar manhajar, inda kuskure ɗaya ke kwantar da na'ura baki ɗaya.

Ga abin da ya tsone mini ido. Duk sashen kanel da ke buƙatar wuri a memori, wato ma'ajiyar da na'ura ke riƙe aikin da take yi, sai ya nema, kuma tare da buƙatarsa sai ya ɗaga wata alama da ake kira tuta. Ku ɗauka kamar tashar mota ce a Laranto. Wani fasinja zai ce ba ya sauri, zai zauna har mota ta cika, ko barci ma zai iya yi. Wani zai ce shi ba shi da halin jira ko na ƙiftawar ido, in akwai mota a ba shi yanzu, in babu a faɗa masa ya san inda dare ya yi masa. Tutoci ke nan: ta mai jira, da ta mai gaggawa. Sai dai shekara da shekaru ana ta ƙara wasu, kowa da tasa, har suka yi yawan da ba kowa ya san amfanin rabinsu ba. Masana sun daɗe suna cewa a rage su. Ni kuma na ga cewa tarihi ni yake jira.

Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, na haɗe masu kama da juna, na share waɗanda na ga ba su da aikin yi. A sashen sauti na tarar da wani wuri da aka sa tutar gaggawa. Na karanta, na sake karantawa, ban ga abin sauri ba, sai na maye gurbinta da ta jira. Har na rubuta a gefe, da hannuna, cewa wannan gaggawa ba ta da dalili. (Mutanen da suka sa ta sun yi shekaru suna wannan aiki, ni kuwa ko wata uku ban cika ba, amma ai hangen nesa ba ya jiran furfura.)

Na tura gyaran ga mai kula da sashen, wani bawan Allah a wata ƙasa, wanda ban taɓa gani ba. Na rubuta masa bayani mai tsawon huɗuba. Amsarsa layi ɗaya ce: ya ce in gwada a kan na'ura ta gaske, a lokacin da memori ya cika maƙil, sannan in dawo.

Na ɗora sabon kanel a kan laftof ɗina, na kuma goge tsohon, domin ba na son tarkace. Kwana da kwanaki komai lafiya lau. Gaskiyar magana ita ce tasha in tana cike da motoci, ba a gane mai sauri da mai jira, kowa na zuwa zai samu. Ni kuma abin da nake yi da laftof ɗin bai wuce rubutu ba. Na san gwajin bai cika ba, abin yana ci mini rai, ina ta neman ranar da zan ɗora wa na'urar kaya mai nauyi.

Sai ga bikin Rukayya.

Rukayya ba mai yawan buƙata ba ce, amma abu ɗaya ta ƙwallafa rai a kai: shigowarta ɗakin dina. An sa wani mawaƙi ya yi mata waƙa ta musamman da sunanta da na ango. Ita da ƙawayenta sun yi makonni suna koyon taku a tsakar gidanmu, har Umma ta haddace. Tsarin shi ne za su tsaya a bakin ƙofa daga waje, kiɗa ya fara, in mawaƙi ya ambaci sunanta sai a buɗe ƙofa su shigo a jere.

An kama wani ɗakin taro a Laranto, aka sa lokaci bayan La'asar. Mai kiɗan, Emeka, ɗan Tudun Wada ne, tare muka yi sakandare. Ana gab da farawa sai ga shi ya nufo ni yana share gumi, a wannan sanyi na Jos.

"Oga Injiniya, wahala ya zo. Laftof na ya mutu, ya ƙi tashi. Ka zo da naka?"

Na zo da shi mana. Ina zan tafi in bar shi?

A nan ne ya kamata in ce masa, "Emeka, kanel ɗin cikin nan na gwaji ne." Kalmomin sun zo har bakina. Amma sai na ji yana lissafa abin da za a ɗora: waƙoƙi, hotunan ango da amarya masu nauyi da za a haska a bango ta majigi, bidiyon kamu, ga na'urar sautinsa da za a jona. Zuciyata ta ce, ai ga gwajin da kake nema Allah Ya kawo har gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ban tsaya nan ba, gorar ma a kan hanya na shuka ta.

Na kira Rukayya a waya, tana cikin mota ana ƙarasa mata ɗaurin kai, na shaida mata cewa da laftof ɗina za a yi.

"Yaya, ba dai wanda kake ta yi wa tiyata ba?"

"Ba tiyata ba ce, sauƙaƙawa ce."

"Ni dai don Allah don Annabi, waƙata. Ita kaɗai na roƙe ka."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, bisa dukkan hujjojin da ke hannuna babu abin da zai faru. (Ku lura da yadda na tsara jimlar. Ko a kotu ba za a kama ni da ƙarya ba.)

Ɗaki ya cika. Hotuna suna ta wucewa a bango, kiɗa na tashi, ni ina gefen Emeka ina kallon memori yana cika kamar randa a bakin famfo, ina jin daɗi a raina. A waje kuwa hadarin da ya wuni yana haɗuwa ya fara sakin yayyafi, irin na Jos mai shiga ƙashi. Mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce amarya ta iso, tana bakin ƙofa, kowa ya miƙe. Emeka ya saki waƙar. Ganga ta fara, mawaƙi ya ja numfashi zai ambaci suna.

Sai sashen sauti ya nemi wuri a memori, bai samu ba. Da tsohuwar tutarsa ce, da an ba shi daga 'yar ajiyar da ake keɓe wa masu gaggawa. Amma ni na koya masa haƙuri. Ya kwanta jira, riƙe da abin da kowa ke buƙata, sauran sassan suka tsaya jiransa, na'ura ta sandare.

Abin da jama'a suka ji shi ne guntun sauti ɗaya yana maimaita kansa cikin manyan lasifika, kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali. Hoton ango ya tsaya a bango da rabin fuska, can kuma ya ɓace, farin rubutu mai bayanin inda na'ura ta lalace ya cika baƙin allo. Emeka ya yi wuf ya rage sauti, ya kai hannu zai kashe laftof ɗin ya sake kunnawa.

Na riƙe hannunsa.

"Kar ka kashe! In ka kashe rubutun nan ya tafi ke nan!"

"Oga, amarya yana waje fa!"

"Minti ɗaya, in ɗauki hoto."

Na fito tsakiyar fili, gaban teburin manyan baƙi, na ɗaga waya ina ɗaukar bango. Na farko bai fito sosai ba, na sake. Mai ɗaukar bidiyon biki, da yake shi ma ba ya wasa da aikinsa, ya juyo da kyamara kaina.

Goggo Asabe, yayar mahaifin ango, ita ta fara magana, kuma ba ta buƙatar lasifika.

"Wai ina aka samo wannan mai kiɗa? Duk garin Jos a rasa wanda za a ɗauko sai mai kayan gwangwan?"

"Mama, wallahi ba ni ba ne," in ji Emeka.

Mai gabatarwa, gogaggen mutum wanda ya san yadda ake rufa asiri, ya yi dariya ya ce, "Jama'a a yi haƙuri, janareto ne ya ɗan yi tari, yanzun nan za a gyara." Kowa ya gyaɗa kai. Janareto ba shi da dangi, ba shi da mutuncin da zai zube, an saba ɗora masa laifi yana ɗauka. Ƙofar tsira ce aka buɗe mini, faffaɗa, har da shimfiɗa.

Amma fitilu suna kunne. Fanka tana juyawa. Maganar ba daidai ba ce, kuma an faɗe ta a gaban jama'a.

Ban san lokacin da na karɓi makirufo ba.

"Assalamu alaikum. Ina neman afuwa, akwai ɗan gyara. Ba janareto ba ne, ba kuma laifin Emeka ba ne."

Da na tsaya a nan, da wataƙila har yabo na samu. Sai dai rabin bayani, a wurina, ɗan'uwan ƙarya ne. Na shiga bayanin kanel. Na kawo misalin tashar mota. Na bambanta tutar jira da ta gaggawa, na nuna layin da ya dace a bango da yatsa, na kuma ja hankalin jama'a cewa wannan hasashe ne, ba zan tabbatar ba sai na yi nazarin rubutun a natse. Wani dattijo a layin gaba ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Goggo Asabe ta juya wajen Umma.

"Hajiya, wannan ɗin naku ne?"

Umma ta duƙar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Ina cikin cewa, "Abin da ya kamata mu fahimta shi ne, akwai mai buƙatar da ba a isa a ce masa ya jira ba, ko na daƙiƙa ɗaya," sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

Rukayya ce. Ɗaurin kan da aka ɓata wuni ana kafawa ya kwanta gefe guda. Kwalliyar ido ta gangaro kumatu. Ƙawayenta na bayanta a jere, sun jiƙe sharkaf, suna rawar sanyi maimakon rawar da suka koya. Duk tsawon huɗubata suna tsaye a waje suna jiran a ambaci suna.

Ta tako har inda nake, ta miƙo hannu, na ba ta makirufo ba musu.

"Yaya," ta ce, muryarta na fita ta kowace lasifika, "ni wace tuta ka sa mini?"

Ruwa na ta dukan kwanon rufi. Can wata daga cikin ƙawayen ta fashe da dariya, ta fara tafi, ta ɗauko waƙar da baki, sauran suka amsa. Umma, wadda ta haddace ta tun a tsakar gida, ta rangaɗa guɗa. Suka koma bakin ƙofa, daga ciki wannan karon, suka shigo da takunsu, ruwa na ɗiga daga leshi. Ango ya taso ya tarye ta. Ni kuma na ja da baya a hankali har na jingina da lasifika, ina addu'ar ƙasa ta tsage, ita ma ta sa ni a layin masu jira.

Bayan kwana biyu na rubuta wa mai kula da sashen rahoto. Na haɗa da hoton bango, na janye gyaran da na yi a sashen sauti, kuma da yake ƙa'ida ce a faɗi yadda za a maimaita matsala, na zayyana komai: majigi, hotuna, waƙa, amarya a bakin ƙofa. Amsarsa ta fi ta farko tsawo, layi biyu ce. Ya ce sauran gyaran ba laifi, in sake turowa ba tare da wancan ba. Sannan ya ce yana taya ƙanwata murna, yana kuma fatan ba ni da wasu ƙannen da ba su yi aure ba.

Rukayya ta yi mako tana mura. Da na je gaishe ta a gidanta, na fara da cewa a gaskiya, in za a yi adalci, yayyafi ne ba ruwan sama sosai ba. Ta dube ni, ta nuna mini ƙofa da cokalin shayi. Yanzu mun shirya, sai dai sunana a dangin ango ya tashi daga Injiniya ya koma Mai Tuta, kuma wannan laƙabin ban da hujjar musanta shi.

Darasin da na koya bai shafi memori sosai ba. Ashe ita ma gaskiya da tutarta take zuwa: wata ta gaggawa ce, wata kuwa za ta iya zama a benci har mota ta cika. Wanke Emeka jimla ɗaya ce, sauran bayanin zai iya kwana, ya wuni, ya kai bayan suna. Yanzu in na ji an yi wa janareto ƙazafi a wurin biki, sai in kama bakina in duba ko akwai mai tsaye a waje. Shi janareto yana da rumfa.