Rasuwar 'Yar Barkono, Ja Mai Ƙofa Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta kasa zama wuri ɗaya, mai gidan ƙarshen layi yana sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da maƙwabta rasuwar motarsa, ja mai ƙofa biyu, wadda aka fi sani da 'Yar Barkono. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a hanyar dawowa daga tasha. Abin da take ɗauke da shi a lokacin: surukarsa, akwatin surukar, buhun shinkafa, bahon wankan jariri, gadon jariri a naɗe, da shi kansa.

Marigayiyar ta shigo gidan shekara huɗu da suka wuce, wata biyu bayan ya dawo daga karatu a waje. Motoci uku ya gwada a ranar. Ta farko tana tafiya kamar an ɗora katifa a kan taya. Ta biyu rabin ofishinsu irinta suke ja. Ta uku tana can ƙuryar fili, dillalin ma bai so ya nuna ta ba. "Yallaɓai, wannan ba ta mai iyali ba ce," in ji shi. Aka murza makulli, ta ce gurrr daga can cikin ƙirjinta. Ya sha kwana ɗaya da ita, ya dawo ya ce a kawo takardu. Ba sabuwa ba ce, kuma ba ta fi ƙarfin mai albashi ba.

Shaidar da aka yi mata mai kyau ce. Ba ta da yawan shan mai. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba. In ya sauke giya a gangaren gada, takan yi tas-tas ta salansa kamar mai tafi. Amma mafi kyawun halinta shi ne ba ta ɗaukar jama'a. Tun da ya dawo gida kowa ke da aike a wuyansa: yayarsa, kawunsa, maƙwabcin da kullum hanyarsu ɗaya. Duk wanda ya leƙa kujerar baya ya ga inda zai cusa gwiwa, sai ya ce a bar shi ya hau ta haya. Minti ashirin daga gida zuwa ofis, su ne kaɗai nasa a yini, kuma ita ta tsare masa su.

Ba a rasa ta da aibi ba. Cikinta dab yake da ƙasa. Akwai wani tudun rage gudu a bakin makarantar unguwa wanda tsakaninsu ba shiri. Don haka aka kafa doka: in an iso, duk wanda ke ciki ya sauka ya taka, shi kuma ya haye a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, mai gadin makarantar yana ba shi hannu. Matarsa ta sauka ba adadi, jaka a hannu, tana cewa, "Allah dai ya sa kada wanda ya san ni ya gan ni." Shugaban ofishinsu ma ya taɓa sauka.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Surukar ta zo ne saboda watan haihuwar 'yarta ya kusa kamawa. Ya zaunar da ita a gaba, ya danna kaya a baya. Da suka iso tudun ya rage gudu. Mai gadi ya taso yana jiran a buɗe ƙofa. Ya saci kallon Hajiya: ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana duban gabanta. Da wane baki mutum zai ce wa surukarsa ta sauka ta taka? Ya buɗe bakin dai, abin da ya fito shi ne, "Hajiya, ya aka baro mutan gida?" Karo na uku ke nan da ya yi mata wannan tambayar tun daga tasha. Ya hau tudun.

Ƙararas.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ba komai, Hajiya. Haka take yi."

Jar fitilar baƙin mai ta kama. A madubi ya hango baƙin layi yana bin su. Ya san ma'anarsa sarai. Amma tsayawa na nufin Hajiya ta tsaya a rana a bakin titi, gida kuwa saura kilomita biyu. Sai ya karkata hannu a kan sitiyari ya kare fitilar. Marigayiyar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce kat-kat-kat, ta ce ƙwal, ta yi shiru a gaban shagon mai gyaran takalmi. Ragowar hanyar Hajiya da ƙafa ta ƙarasa, baho a hannu.

Bakanike ya leƙa ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu. "Da ka kashe ta nan take, aikin yini ɗaya ne. Yanzu inji ya buga. Wa ya ce ka ci gaba?"

Da yamma Hajiya ta aika aka kira shi. "Ɗan nan, me ya hana ka ce in sauka? 'Yata ta gaya mini tun a waya. Ni har na tattara mayafina ina jira."

Ta rasu ta bar makulli biyu, tayar ajiya da ba a taɓa ɗaurawa ba, doguwar shaidar baƙin mai daga makaranta zuwa shagon takalmi, da mai ita, wanda yau kwana tara bai zauna ya gama shan shayi ba. Yakan fita da makulli a aljihu ya hau bas, ƙafarsa ta hagu tana taka kulocin da babu. Ya zaga filin dillalai huɗu. Ya shiga motoci goma sha ɗaya, ya fito daga kowace kamar an kore shi.

Masu ta'aziyya sun zo, kowa da shawararsa a hammata. Yayarsa ta ce, "Wannan karon ka yi hankali ka sayo mai kujeru bakwai, ka riƙa kwaso mana yara daga makaranta." Kawu ya ce mai buɗaɗɗen baya ta fi amfani, ga shi yana da kayan gini da za a kai masa. Ya gode wa kowa. Ya san ranar da mai kujeru bakwai ta shiga gidan nan, ya zama direban dangi har tsufa.

Matarsa ce ta tare shi a falo, a zagayensa na biyar tsakanin taga da ƙofa. "Don Allah ka zauna, kana sa ni jiri. Ka sayi duk wadda za ta sa ka daina wannan zagaye, ja ce, kore ce, ba ruwana. Amma ka ji da kyau: ranar da naƙuda ta zo, ba zan sauka a tudu ba."

Za a fitar da marigayiyar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe daga garejin bakanike, motar janwe za ta kai ta wurin 'yan gwangwan. Ba a buƙatar rakiya. Mai son madubi ko batir ya yi magana da bakanike, ba da mai ita ba.

Jiya ya je ya kwashe takardunsa daga cikinta. Ya zauna a kujerar direba kamar minti ɗaya, ya fito, ya tura ƙofar ta rufu. Ya yanke shawara. Mai ƙofa huɗu zai saya, wadda za ta haye tudun da matarsa a ciki, wadda kuma in ya sha kwana zai ji yana tuƙi. Kujeru biyar. Maganar bakwai kada wanda ya sake kawo masa ita.