Yadda Kujerar Amarya Ta Sauke Ni Ƙasa a Rogo

Ba zan taɓa mantawa da jeren Maryama ba, ko da kuwa zan manta abin da na ci jiya. Maryama 'yar ƙanena Sabi'u ce, wadda aka kai Rogo bayan an gama cirar gyaɗa. Ni kuwa a Kwanyawa an san halina. Ba a yin jeren amarya a danginmu sai ina tsaye a kai, kuma in na ce a ɗauke kwanon nan a mai da shi can, ba mai tambayata dalili. Idona ba ya wuce labulen da ya karkace, ba ya wuce yarinyar da ta laɓe bayan ƙofa tana cin cincin ɗin gara.

Kujerun da na sani tun da aka fara saka su a ɗakin amare, fasalinsu ɗaya ne: babba mai cin mutum uku, mai cin biyu, sai ƙanana. Kowace da bayanta da hannuwanta biyu, kamar mutumin kirki. A jingina kowace da bangonta, a bar tsakar falo fili. Maryama kuwa a waya ta zaɓi nata, ubanta ya kai wa wani kafinta a Karaye hoton. Ba wanda ya shawarce ni. (Na riƙe wannan a raina.)

Ranar jere mota ta sauke kaya a ƙofar gidan ango ta juya. Muka shigar da kujeru falo, muka yaye ledojinsu, sai na tsaya ina ƙare musu kallo. Wannan hannunta ɗaya, na dama. Waccan ɗaya, na hagu. Biyu babu hannu ko na rantsuwa, sai wasu ƙugiyoyin ƙarfe a gefe. Wata mai baya biyu, ta rasa inda za ta fuskanta. Wata kuma doguwa, kamar gadon asibiti.

Na ce, "Kafintan nan ya cuci Sabi'u. Ya ga mutumin ƙauye, ya tattara masa ragowar aiki. Ku dubi ƙarafan nan, wurin ɗaura hannu ne bai ɗaura ba."

Hadiza, 'yar ƙanwata, ta matso da wayarta a hannu. "Gwaggo, ai haɗa su ake yi. Bari ki ga hoton."

"Mai da wayarki jaka. Ni na yi jeren uwarki, ba da hoto na yi ba."

Ta mai da. Sauran matan suka dubi juna suka yi shiru. Laifina ne, ni na koya musu yin shirun.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, bayan azahar dangin ango za su kawo wa masu jere abinci, su ga ɗaki. Wanda ya san mata ya san abin da ganin farko ke yi. Abin da suka gani ranar, shi za su raɗa wa amarya suna da shi, ta haihu ta aurar da 'ya'ya ana kiranta Mai Guntayen Kujeru. Na rantse a raina ba za a yi wa yarinyar nan haka ina raye ba.

Na ɗaura ɗamara na fara ba da umarni. Masu hannu ɗaya aka tura su lungu, gefen da ba hannu ya manne da bango. Doguwar aka kai uwar ɗaki. Mai baya biyu na sa aka cusa ta kicin aka kifa mata baho. Saura marasa hannun nan biyu. Na sa aka gwama su wuri ɗaya a jikin dogon bango, aka lulluɓe da sabon zanin gado don su zama kamar kujera guda. Sai dai ƙarafan sun hana su mannewa, ana ganin rami a tsakiya. Na ce ba komai, ni zan zauna a kan ramin. (Ina da jiki, Alhamdulillahi, kuma ban taɓa tunanin zai yi mini irin wannan amfani ba.) Abin da ban lissafa ba shi ne tayil ɗin falon, sabo fil, an goge shi yana ƙyalli.

Sai ga sallama. A gabansu Inna Dije ce, yayar uban ango, Bafulatana doguwa mai ido irin nawa. Tun ranar da aka kawo lefe muka auna juna ni da ita, kowa ta san ta gamu da daidai ita. Aka ajiye kwanukan tuwo da ƙwaryar fura, suka zazzauna. Ni ban tashi ba, na dai baza mayafi na rufe dama da hagu, na ɗan sunkuya don gaisuwa.

Sunkuyawar nan ita ta jawo. Na ji kujerar dama ta ɗan matsa.

Inna Dije ta ce, "Ina wuni, Hajiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiyar hanya?"

"Babu gajiya." Ta hagu ma ta kama hanyarta. Na danne su da tafin hannu, ina murmushi.

"Ya hidimar biki?"

"Mun gode Allah. Ya shanu?" Na tambaya ne don in sami sararin gyara zama, amma ina motsawa suka ƙara buɗewa. Ina ji ina sauka a hankali, kamar guga a rijiya.

"Shanu lafiya. Ya mutanen Kwanyawa?"

Kafin ta rufe baki na isa ƙasa. Zanin gado ya naɗe ni, gwiwoyina a haɓata, ɗankwali ya rufe mini ido ɗaya, kujera a dama, kujera a hagu, ni a tsakiya. Amma gaisuwa ba a barinta a rataye. Daga can ƙasa na ce, "Suna gaishe ku."

Hadiza ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Inna Dije ta leƙo ni ta ce, "Hajiya, in ƙasa kike so ai da kin faɗa, da mun zo da tabarma."

Nan dariya ta ɓalle, har waɗanda ke tsakar gida suka shigo. Ni kuwa ba faɗuwar ce ta dame ni ba, asirin da ya tonu ne. Ina zaune a wurin na ce, "Don Allah ku rufa mana asiri. Yarinya ba ta da laifi, kafinta ne ya yi mana rabin aiki. Za a canzo su."

Inna Dije ta ce, "Wane rabin aiki? Ai irin ta gidan ɗana ce a Kano. Ina ta kusurwar?"

Can Hadiza ta ce, "Tana kicin, Inna. Ƙarƙashin baho."

Wata daga cikin dangin ango sai da ta kwanta don dariya. Inna Dije ta tattare zaninta ta zauna kusa da ni a kan tayil, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ni ranar da na fara ganinta, shimfiɗa na yi a kai na kwana. Na zaci gadon baƙi ne." Sai a lokacin na yi dariya, har da hawaye.

Muna zaune muna shan fura yara suka fito da abin da na ɓoye. Hadiza ke nunawa, ana ɗaga wannan ana saƙala ƙugiyarta a jikin waccan. Kafin mu shanye, ga kujera ɗaya santaleliya ta bi bango ta karya kwana, doguwar a ƙarshe don miƙe ƙafa. Wallahi ta yi kyau. Dangin ango da kansu suka rangaɗa guɗa.

Maryama ta tare lafiya, kuma ba wanda ya raɗa mata suna. Ni aka raɗa wa. Har yau in na shiga Rogo, tun daga bakin layi mata ke cewa ga Gwaggo Suna-Gaishe-Ku ta iso, kuma Inna Dije ba ta tarbata sai da tabarma a hannu. Na karɓa, gara ni da yarinya.

Ban daina tsawa a wurin jere ba, kada wata ta sa rai. Na dai gane cewa duk abin da mace ta zauna a kai don ta ɓoye shi, shi zai kai ta ƙasa a gaban surukai. Shi ya sa yanzu ko a gidan wa na je, sai na girgiza kujera kafin in ba ta amanar jikina.